Abin da Baba Labbo Ya Gani Ranar Duban Wata

A Kekun Waje shekara ashirin da huɗu ba wadda ta taɓa jiƙa shinkafar salla sai Baba Labbo ya ce ya ga wata. Ba malami ba ne, ba shi da sarauta, manomin gero ne mai awaki shida, amma Allah ya ba shi ido. Duk ranar ashirin da tara zai hau tudun da ke yamma da gari ya tsaya, Jatau maharbi na gefensa da tsohuwar bindigarsa. Da zarar Baba ya ɗaga hannu ya nuna sama, Jatau zai ɗana, gari ya ji kara ya san wata ya tsaya. Daga nan a kai Baba Bungudu wurin Hakimi, Liman ya yi masa tambayoyin shaida, a aika da labari gaba. Bai taɓa kuskure ba, kuma ya san da haka, don in ana yabonsa ba ya cewa a daina.

Ni Haliru ne, direba. A shekarun nan da aka ba mu jihar Zamfara sabuwa, ina jigila da wata Fijo tsakanin Bungudu da Gusau da Tsafe. 'Yar Baba Labbo, Mansura, nake aure, saboda haka ni ne mai kai shi Bungudu duk ranar ganin wata. A tasha an san ni da surutu, amma a gaban surukina ko tari sai na nemi izini.

A wannan azumin, ranar ashirin da tara, mun kai mu talatin a kan tudu. Rana ta faɗi, muka sha ruwa da dabino, kowa ya ƙura wa yamma ido, ko da yake gaskiya rabinmu Baba muke kallo ba sama ba. Can sai na ga ya daskare. Ya ɗaga hannu a hankali ya nuna.

Jatau bai jira komai ba. A ranar ya cika wa bindigar albarushi fiye da kima, ta yi wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe mu, kowa na tari yana kabbara. Kafin hayaƙi ya washe samari sun gangara gari da gudu, mata sun fara guɗa. Na ji Baba yana cewa, “Ku tsaya, ba shi na ba,” amma wa ke jinsa? Ni ma na ruga in tayar da mota.

A ƙofar gidan Maigari na ajiye mota tana aiki. Maigari ya fito yana gyara rawani, ya ce, “Labbo, barka da arziki. Shiga ku tahi.”

Baba ya durƙusa ya ce, “Ranka shi daɗe, ban ga wata ba.”

“To mi kan nuna?”

“Wani abu na, kamar hwaihwai. Mamaki yas sa ni ɗaga hannu.”

Maigari mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya rage murya ya ce, “Labbo, diba da kyau cikin ranka. Ko dai watan na, yaz zo maka da wata kama? Mu dai ka ce muna ka gani, sauran na Liman na.”

Ni da ke tsaye na san abin da Maigari ke miƙa masa. Kalma ɗaya zai faɗa, ya shiga mota da mutuncinsa. Wata ƙila ma an ga watan a wani gari, maganar ta bi ruwa. Na roƙi Allah a raina ya karɓa.

Baba ya ce, “Wata ba shi zama inda abin ga yaz zauna. Ba ni sa mutane su aje azumi bisa abin da ban gani ba.”

Haka aka tura sanƙira mai shela ya bi gari yana janye abin da bindiga ta faɗa. Inna Asiya maƙwabciyarsu ta riga ta yanka kaji biyu. Mata da yawa sun cusa hannu a zungurun lalle. Washegari kowa ya tashi da azumi da kuma haushi, kuma haushin mai azumi ba ya rasa inda zai sauka. Kafin a sauko daga idi an raɗa wa Baba suna Mai Faifai. In ya wuce majalisa sai wani ya ɗaga kai sama ya kare ido da hannu, sauran su sunkuyar da kai suna shaƙewa da dariya. Har Jatau, wanda shi ya harba, yana ta faɗi wai shi dama ya lura idon tsohon ya fara hazo.

Yanzu zan faɗi laifina, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na kai labarin tashar Gusau. Ban yi da mugunta ba, labari ne mai daɗi ya faɗo hannuna, kuma direban da ke da labari motarsa ba ta daɗewa a layi. Na ɗan ƙara masa gishiri. Na ce abin yana da fitilu. Da labarin ya je Tsafe ya dawo, ya yi wutsiya, yana ruri kamar injin niƙa, har da wasu gajerun mutane masu leƙowa ta taga.

Bayan salla da mako biyu Mansura ta ce mini mahaifinta ya rage cin tuwo. Na je gaishe shi, na tuɓe takalma na tsuguna a bakin zaure. Ya amsa gaisuwa, sannan ya ce, “Haliru, dariyar mutane ba ta dame ni ba. Abin da ad damuwata, mutum talatin na bisa tudun ga, ni kaɗai nig gani. In idona na yaf fara yi min ƙarya, ko kaina, to ban cancanci a ɗauki shaidata ba. In ban samu mutum guda da yag ga abin da nig gani ba, na bar hawan tudu ke nan.”

Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni. Hawan tudun nan shi ne duk abin da tsohon yake taƙama da shi a duniya. Na yi caraf na ce, “Baba, ai masu gani sun yi yawa. Tasha cike take da su.”

Ya dube ni ya ce, “To kai ni.”

Na ce ko zai fara gaya mini yadda abin yake, don in tace masa su. Ya ce, “In na hwaɗa maka, kahin azahar Tsafe ta ji. Shaida ba a ba shi amsa kahin a tambaye shi.” Na haɗiye wannan, don ni na jawo wa kaina.

Da za mu tafi, Malam Abdulrahman ya ce sai ya bi mu. Malamin firamare ne a Bungudu, mutum mai rediyo a kunne da tarin tsofaffin mujallu a ƙarƙashin gado. Tun da ya ji labarin bai zauna ba, gani yake Allah ya kawo masa abin da ya daɗe yana karantawa har ƙofar gida. Daga Bungudu zuwa Gusau bai rufe baki ba. Ya ce a shekarar 1947 wani matuƙin jirgi a Amurka ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a saman duwatsu, jaridu suka ce faranti ne masu tashi. A shekarar dai wani makiyayi ya tsinci tarkace a daji, sojoji suka fara cewa irin farantin ne, sannan suka dawo suka ce balan-balan ce, kuma ga shi an shekara hamsin ana jayayya a kai. Ya ce sojojin saman ƙasar sun tattara rahoto sama da dubu goma sha biyu, suka gano yawancinsu jirage ne da taurari da balan-balan, amma wajen ɗari bakwai suka gagare su. Ya ce ko a nan Afirka, shekaru kaɗan da suka wuce, 'yan makaranta kusan sittin a Zimbabuwe sun ce wani abu ya sauka a bayan makarantarsu.

Baba yana gaba yana jan carbi. Ya ce, “Su yaran ga, an raba su kahin a tambaye su, ko tare anka tara su?”

Malam ya ce mujallar ba ta faɗa ba.

“Shi mai jirgin, shi kaɗai na?”

“Shi kaɗai, Baba.”

“Allah sarki,” in ji Baba. “Ya sha dariya ke nan.”

Malam ya ce shi dai a ganinsa halittu ne daga wata duniya. Baba ya tambaye shi ko ya gan su, ya ce a'a. Baba ya ce to ya bar su inda suke.

A tashar Gusau na shimfiɗa masa tabarma a rumfar 'yan kamasho, na shiga tara shaidu. Ban sha wahala ba. Mutum goma sha ɗaya suka yi layi, kowa na gyara hula. Baba ya ce a kai su bayan rumfa, a riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya, yadda Liman ke yi wa masu ganin wata. Tambayoyin ma irin na Liman ne: ina ka tsaya, ina ka fuskanta, rana ta faɗi ko da saura, tsayinsa daga ƙasa kamu nawa, ya daɗe kamar karatun me.

Na farko Dogo ne ɗan kamasho. Ya ce shi da idonsa ya gan shi a gabas, ja wur, yana aman wuta.

Baba ya ce, “Ranar diban wata kana kallon gabas?”

Dogo ya ce ai juyowa ya yi.

“Allah shi yi maka albarka. A kawo na biyu.”

Na biyu mai shayi ne, ya ce ƙarar abin ta fasa masa kofuna uku. Na uku ya ce ya sauka a gonar ƙanensa a Wonaka ya ƙone karan dawa, amma da aka tambaye shi wace rana, sai ya faɗi ranar da ake tsakiyar azumi. Wani Bala mai faci ya rantse ya ga mutanen ciki, ya ce ɗayansu ma ya ɗaga masa hannu. Baba ya tambaye shi da wane hannu, Bala ya tsaya yana duba nasa hannuwan.

Ni ina gefe ina zufa. Kowane ɗaya daga cikinsu a shirye yake ya bi mu Kekun Waje ya dafa littafi a gaban Maigari, ga mota, ga man fetur da na sha wahala na samu a wurin 'yan bumburutu, amma tsohon nan yana korar su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da na goma sha ɗaya ya tafi na matsa na ce, “Baba, ko mutum biyu mu ɗauka, a rufe bakin mutane.”

Ya ce, “Waɗanga ba abin da sunka gani sai bakinka.”

Malam Abdulrahman ya juya baya yana tari. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani tsoho da ke jiran motar Funtuwa ya saurari komai. Ya ce shi ya yi aikin duba yanayi kafin ya yi ritaya, kuma a ganinsa balan-balan ce irin wadda ake saki don auna iska. Ya ce in ta yi nisa sama, rana na iya haska ta bayan ta faɗi a ƙasa. Malam ya ce ina, suka kama gardama har jijiyar wuya. Baba ya saurare su duka, ya ce wa tsohon, “Maganarka da hankali, Alhaji, kuma ta yiwu hakanan na. Amma kai ma ba ka gani ba. Ni ba sunan abin nika nema ba, wanda yag gani nika nema.”

Azahar ta yi, muka yi salla. Na ce mu koma gida. Baba ya ce tunda an ce labarin ya fi ƙarfi a Tsafe, a ƙarasa. A hanya ya sa carbinsa a aljihu. Na saci kallonsa na ga yana rufe ido ɗaya yana duban duwatsun Kwatarkwashi, sannan ya rufe ɗayan. Gwada idanunsa yake yi. Wannan ya fi komai taɓa ni a ranar.

A tashar Tsafe abin ya fi na Gusau lalacewa. Shaidu huɗu muka samu, na ƙarshensu wani mai gyaran rediyo da ya ce abin kore ne shar, kuma ya yi ta kewaya gari har sau bakwai. Baba ya sallame shi, ya ce mini, “Ya isa. Samo muna hura mu sha mu tahi.” Daga muryarsa na san ya yanke hukunci.

Akwai wata mata a gindin dalbejiya da ƙwaryar fura da nono, za ta yi shekara arba'in, ana ce mata Indo. Duk tambayoyin nan a kunnenta aka yi su. Tana dama mana fura, kanta a sunkuye, sai ta ce a hankali, kamar da ludayi take magana, “Ba kore ba na. Kuma bai kewaya komi ba.”

Baba ya ajiye hannunsa a gwiwa. Ya ce, “Ɗiyata, ke kin gani?”

Ta duba hagu da dama. Ta ce, “Ni ban ce ba.”

Baba ya dube ni da Malam ya ce mu matsa. Muka matsa taku uku, wanda a tasha daidai yake da ba mu matsa ba.

“Ina kike tsaye?”

“Bayan gidanmu, Baba. Na hita kwashe shanya, maza sun tai diban wata.”

“Ina kinka huskanta?”

“Yamma, amma ya ɗan karkata arewa. Rana ta hwaɗi, ko sallar magariba ba a tayar ba.”

“Kamarsa hwa?”

“Hwari na tas, kamar murhin kwanon da anka wanke da toka. Ba ƙara, ba hayaƙi. Tsaye shike wuri guda. Akwai wani abu siriri ƙarƙashinai kamar zare.”

Baba ya ƙara matsowa kusa.

“Daga nan?”

“Daga nan ya koma ruwan goro, sannan ja-ja, kamar garwashin da za shi mutuwa. Na karanta Ƙulhuwallahu ta kai bakwai. Ya ɗan gusa arewa, sai nib bar ganinai.”

Baba ya ce, “Tsayinsa?”

Ta miƙa hannu ta gwada kamu ɗaya da rabi daga ƙasa. Baba ya yi lissafi da leɓe, ya ce daga Tsafe dole ya fi ƙasa, shi a wurinsu ya kai kamu uku. Sai ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Hawaye ne suka zubo masa, bai ko share ba. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Zaren ga ban hwaɗa ma kowa ba, ko uwar ɗiyana.”

Indo ta saki ludayi a cikin ƙwarya. Ta ce, “Baba, don Allah da gaske kai ma ka ga zaren? Yau kwana goma sha bakwai ban gaya ma kowa ba. Kakata ta taɓa samun taɓin hankali, da ganin abubuwa taf fara. Kullum in na kwanta sai in ce tawa ta zo.”

“Lahiyarki lau, ɗiyata. Ni ma lahiyata lau.”

“To mi na shi?”

“Ban sani ba.”

“Ni ma ban sani ba,” in ji ta, sai ta fashe da dariya tana share ido da bakin mayafi. Baba ma ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Fasinjoji suka juyo suna kallon tsoho da mai fura, ba su san abin da ya faru ba.

Malam Abdulrahman ya zaro biro da takarda yana rawar jiki. Ni kuma na riga na buɗe ƙofar mota. Na ce, “Inna Indo, ki kira maigidanki mu tai tare. Gaban Maigari za ki maimaita wannan, yau za a san wa ke da ido a Kekun Waje.”

Fuskarta ta canza nan take. Ta dubi ƙwaryarta, ta dubi 'yan tashar da take sayar wa fura kullum.

Baba ya ce, “Rufe motarka, Haliru. Malam, mai da takardarka.”

Na ce, “Baba, ai ita ce shaidar da muka fito nema.”

“Ni nika nema, kuma na samu. Dariyar ga na ɗauke ta kwana goma sha bakwai, na san nauyinta. Ni tsoho na, gonata ba ta gudu don an yi min dariya. Ita ko da mutanen ga taka cin abinci. Ba ni ɗora mata.” Ya juyo ya kafe ni da idon nan nasa. “Kuma in nij ji sunanta a bakin wani, na san bakin da yaf hito.”

Sunan da na ba ku ma ba nata ba ne. Wannan ne labari ɗaya tak da na riƙe shekaru ban kai tasha ba, kuma Allah ya sani na sha wuya.

Ya shanye furarsa tas, ya ce a ƙara masa. Muka kamo hanya da la'asar, Malam a baya yana ta ƙunƙuni wai an binne tarihi a gindin dalbejiya. Na ce wa Baba to yanzu mutanen gari fa, ai ba za su daina kiransa Mai Faifai ba. Ya ce su kira, ai ya ga faifan.

Mun wuce Gusau, mun kusa Bungudu, sai ya gyara zama ya ce, “Haliru, ranar ashirin da tara ka aje lodi da wuri ka taho. Idona lahiya lau shike, gwiwa ta, ba ta son tudun ga yanzu. Kai za ka riƙa ni mu hau.”